SANIN DARAJAR TSOHUWAR MOTA KAFIN A BIYA KUƊI

(Jawabin da wani tsohon ɗalibin makarantarmu, injiniyan motoci mai ritaya, ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai a Talata Mafara)





GABATARWA

Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar a ba ni wannan dama. Abin da aka ɗora mini shi ne in yi bayani a kan yadda ake gane darajar tsohuwar mota kafin a saye ta. Wani zai ce me ya haɗa taron tsofaffin ɗalibai da maganar mota? To, mu dubi kawunanmu. Yawancin waɗanda ke zaune a wannan zaure furfura ta cim musu, wasu sun ajiye aiki, wasu kuma saura ƙiris. Idan aka biya mutum kuɗin sallama, sau da yawa abin da yake fara zuwa masa a rai shi ne mota, ko dai wadda zai sa haya ta riƙa kawo na cefane, ko kuma irin wadda ya yi ta sha'awa tun yana ɗan makaranta bai samu hali ba. Kuɗin sallama kuwa sau ɗaya ake biyansa. Wanda ya zuba shi a kan ruɓaɓɓiyar mota ba shi da wani na biyu da zai jira.

MOTOCIN DA MUKA TASHI MUKA GANI

Tsararrakinmu mun buɗe ido ne a zamanin Fijo. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, sannan 504 ta biyo baya a 1968, har aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta shekarar 1969. A 1975 kamfanin Fijo na Nijeriya ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, ana ɗauko kayan ta jirgin sama daga birnin Liyon na Faransa a sauke a Kano. A wannan shekara kuma 504 ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, inda ake bin hanyoyi masu laka da duwatsu irin namu. Faransa ta daina ƙera ta tun da daɗewa, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000.

Mu a nan, lokacin aikin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina aka kammala a 1978, shi ne lokacin da motoci suka cika mana gari. Fijo ta manyan ma'aikata, Landiroba ta masu shiga daji, a-kori-kura ta ɗaukar kaya ranar Talata, ga kuma Marsandi ta attajirai. Bayan 1986, da aka shigo da shirin SAP darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai kasuwa ta koma ta motocin hannu da ake lodowa daga tashar Antuwaf ta Beljiyam a sauke a Legas ko Kwatano. Daga nan muka samu sunayen da muke amfani da su har yau: Beljiyam, 'yar Kwatano, tokunbo.

Waɗancan motoci na ƙuruciyarmu yanzu sun tsufa sun yi ƙaranci, kuma a ƙasashen Turai da Amurka akwai masu neman irinsu don ajiyewa. Wannan ne ya sa a can aka tsara ma'auni na bayyana halin da kowace tsohuwar mota take ciki. Sanin wannan ma'auni zai amfane mu, ko da Fijo muke nema ko Toyota.

WA YA BA DA MAKIN?

Ba mu baƙi ba ne ga maganar daraja. Iyayenmu sun kai auduga kasuwa, malamin duba ya buɗe buhu ya ce wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba biyu, wannan lamba uku, kuma kowace da farashinta. Mu ma mun zauna jarrabawar WAEC, wani ya ci A1, wani ya kwaso F9. Malamanmu da ke nan za su shaida cewa ba a taɓa barin ɗalibi ya duba takardarsa da kansa ba. Da an yi haka da duk ajinmu A1 muka fita da ita.

To, a kasuwar mota abin da ke faruwa ke nan. Dillali ne zai ce maka, "Alhaji, wannan lamba ɗaya ce, ko ƙwarzane babu, wata tsohuwa ce ta hau ta a Jamus." Shi ne ɗalibin, shi ne mai duba takarda, kuma la'adarsa tana rataye da amincewarka. Saboda haka tambaya ta farko da mai saye zai yi wa kansa ita ce, wa ya ba da wannan maki, kuma me zai samu idan na yarda?

Ku dubi yadda ake yi a wuraren gwanjon motoci na Japan. Ma'aikacin gidan gwanjon ne yake duba mota, ba mai ita ba. Yana ba jikinta maki, daga 5 ko 6 ga wadda take kamar sabuwa, zuwa 4 da 3.5 da 3 ga wadda ta sha hanya, ya kuma rubuta harafin R idan ta taɓa yin hatsari aka gyara. Cikinta kuma ya ba shi A ko B ko C. Sannan a zana hoton motar a takarda a nuna inda kowane lotsawa da ƙwarzane yake. Abin da ya ba wannan takarda nauyi shi ne wanda ya rubuta ta ba ya cin riba da yin ƙarya. Mu da ba mu da irin wannan tsari, dole mai saye ya samo wa kansa malamin duba, wato amintaccen makanikensa, wanda shi zai biya, ba wanda dillali ya kawo ba.

MATAKAI SHIDA

A Amurka, littattafan farashin tsofaffin motoci sun daɗe suna amfani da matakai shida. Kamfanin inshora na Hagerty kuma yana amfani da huɗu, waɗanda suka yi kusa da huɗun farko na waɗannan. A lura, a nan lamba ɗaya ita ce sama, saɓanin na Japan. Bari in kawo su da misalan gida.

Lamba ɗaya ita ce motar nuni. An kwance ta ƙusa-ƙusa an mayar, ko kuma an adana ta tun tana sabuwa, har ƙarƙashinta yana ƙyalli kamar samanta. Ba a zirga-zirga da ita, a kan wata motar ake ɗaukar ta zuwa wurin gasa. Ina tabbatar muku da wuya ɗayanmu ya taɓa ganin irin wannan a kasuwa. Duk motar da aka tuƙo ta zo wurin ciniki da ƙafarta a kan hanyar Gusau, ta riga ta sauka daga wannan mataki.

Lamba biyu ita ce wadda sai gwani ya zuba ido sosai zai ga aibinta. Fenti lafiya, kujeru na asali, inji yana tashi bugu ɗaya. Irin ta wani dattijo ce da ya saya sabuwa a Kaduna, direba ɗaya ya riƙe ta, ba ta fita sai Juma'a da Sallah, tana kwana a rumfa. Akwai irinsu, amma ba su cika zuwa hannun dillalai ba, domin dangi da maƙwabta sun riga sun yi kamu.

Lamba uku ita ce mai kyau daga nesa. Idan ka tsaya taku ashirin za ka ce sabuwa ce, idan ka matso sai ka ga an taɓa sake fenti, kujerar direba ta ɗan lotsa, wani kayan ba na asali ba ne. Amma komai yana aiki, za ka iya ɗaukar iyali zuwa Sakkwato ka dawo ba fargaba. Yawancin motocin da masu su ke alfahari da su a nan suke, kuma ita ce ta fi dacewa da ɗan fansho.

Lamba huɗu tana tafiya, amma aibinta a fili yake. Fenti ya ƙoɗe, ƙofa sai an ɗaga ta take rufuwa, tana ɗigar da baƙin mai, wani agogon ya mutu. Motocin haya na tasha yawanci nan suke. Ana iya saye, muddin an saya da farashin lamba huɗu, kuma an ware kuɗin gyara a gefe.

Lamba biyar ita ce wadda ke buƙatar aiki daga kai har ƙafa. Wataƙila tana tashi, wataƙila sai an tura, amma gangar jikinta ba ta karye ba, kayanta kuma suna nan.

Lamba shida kuwa gawa ce. Amfaninta a cire kayan gyara, ragowar a sayar wa 'yan gwangwan a kan sikeli.

Darasi biyu nake so mu ɗauka daga wannan tsani. Na farko, kusan kowane mai sayarwa yana ɗaga motarsa da mataki ɗaya ko biyu, wani ma ba da mugun nufi ba, sai don sabo ya rufe masa ido. Na biyu, hawa tsanin ya fi sayen matakin tsada. Wanda ya sayi lamba biyar da arha da niyyar mayar da ita lamba biyu zai biya mai gyaran jiki, da mai fenti, da mai kujera, da mai waya, da makanike, ya yi ta aike Kaduna da Kano neman kayan da aka daina ƙerawa, a ƙarshe ya kashe fiye da kuɗin lamba biyun, kuma idan ya tashi sayarwa ba zai mayar da kuɗinsa ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ka sayi mafi lafiyar da aljihunka zai iya, ko da ba launin da kake so ba ce.

ABIN DA ƘASARMU TAKE YI WA MOTA

Ma'aunin Turawa ya fi ba tsatsa muhimmanci, domin a can ana zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, gishirin kuma yana cin ƙarƙashin mota. Motar da ta zauna Legas ko Kwatano ita ma iskar teku tana taɓa ta. A nan Allah ya hutar da mu, busasshiyar iskarmu tana adana ƙarfe, shi ya sa za ka ga 504 ta shekara 40 a Bakura jikinta garau.

Amma namu ciwon daban ne, kuma ba ya fitowa a fenti. Ƙurar hunturu idan ta wuce matatar iska tana goge ringi da silinda kamar an zuba yashi. Zafin bazara yana dafa inji, ga kuma al'adar cika lagireto da ruwan rijiya, wanda ke toshe hanyoyin ruwa da ƙasa-ƙasa. Sai lodi. Motar da ta yi shekaru tana kwasar albasa da shinkafa da tumatir daga fadamun Bakolori zuwa kasuwa, tana tsallake kwazazzabai da damina, ƙashin bayanta ya gaji ko da an yi mata sabon fenti jiya. Don haka a wurinmu, kyan jiki kaɗai ba ya ba mota lamba biyu. Sai an tambayi aikin da ta yi.

YADDA AKE DUBAWA

Kada a yi cinikin biri a sama. Hoton waya ba ya nuna hayaƙi, ba ya fitar da ƙara. A je da rana tsaka, kada a duba mota da magariba ko tana jiƙe da ruwan wanki, domin ruwa yana ɓoye lotsawa.

A fara da ƙasa. A kai ta kan rami, a shiga da tocila. A nemi alamar walda a jikin shasi, da inda ƙarfe ya tattare kamar an murɗe shi, da inda aka shafa sabon baƙin fenti a wuri ɗaya. Motar da shasinta ya taɓa karyewa ba ta ƙara tafiya daidai, za ta yi ta cin taya gefe guda har ranar da za a rabu.

Sai jiki. A riƙe ɗan maganaɗisu a nannaɗe da ƙyalle a bi ƙofofi da gefuna. Inda ya ƙi kamawa, fila aka cika aka rufe da fenti. A dubi tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki, da ta bonet, a ga ko dama da hagu sun yi daidai. A ɗaga robar gilashi a ga ko akwai wani launi a ƙarƙashi.

Sai inji, kuma a nan sharaɗi ɗaya ne: a same shi da sanyi. Idan ka iso ka taɓa bonet ka ji ɗumi, ka ce za ka dawo gobe da sassafe, domin inji mai ciwo da safe yake tona kansa. A dubi salansa lokacin da ya tashi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin yana ƙona baƙin mai, ringi sun tafi. Fari mai kauri wanda ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yana nufin ruwa yana shiga, gasket ya ƙone. Baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, sau da yawa daga kafireta, kuma shi ne mai sauƙin gyara a cikinsu, sai dai tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba ƙaramin abu ba ne a aljihu. A buɗe murfin baƙin mai, idan aka ga abu kamar madara a jikinsa, ruwa da mai sun haɗu. Idan kuma man ya yi kauri fiye da kima, a yi hattara, ana zuba irinsa don a kashe ƙarar inji na ɗan lokaci.

Kada a dogara da agogon kilomita. Ana mayar da shi baya, kuma da yawa daga tsofaffin motoci lamba biyar kawai agogonsu yake da ita, idan ya kai 99,999 sai ya koma sifiri. Robar birki da ta kuloci, da santsin sitiyari, da lotsawar kujerar direba sun fi shi faɗin gaskiya. Tayoyin da aka yi daga shekarar 2000 suna ɗauke da lambobi huɗu a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Taya mai zane kamar sabuwa tana iya zama ta shekara goma, zafin kwalta kuma ba ya raga wa irinta.

Ga motocin Amurka akwai ƙarin abu guda. Bayan manyan ambaliya irin ta guguwar Katrina a 2005 da Sandy a 2012 da Harvey a 2017, kamfanonin inshora sun yi gwanjon ɗimbin motocin da ruwa ya shanye. Irin waɗannan ana wanke su a tura ƙasashen waje. A ɗaga kafet a shinshina, a dubi ƙarfen da kujera ke gudu a kai, a ja bel har ƙarshe a ga ko akwai tabon laka. Motar da ta sha ruwa wayoyinta ba sa daina ba da wahala.

Daga ƙarshe a tuƙa ta, a kan kwalta da kuma kan burji, aƙalla rabin sa'a, har ta yi zafi. Kowa a nan ya san halin da hanyoyinmu suke ciki ta fuskar tsaro. Mutuwar mota a daji tsakanin Mafara da Maradun da yamma ta wuce maganar ɓacin rai. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya ƙi lamba huɗun da aka yi wa kwalliyar lamba biyu.

TAKARDU

Mota mai lafiya marar takardu lamba shida ce, domin ranar da aka kama ta ba abin da zai rage maka. A karanta lambar shasi da ke jikin ƙarfe da ido, a gwada ta da ta takarda harafi-harafi. Motocin zamani tun daga 1981 lambarsu haruffa da lambobi 17 ce, ta tsofaffi kuwa ta fi gajarta. Idan wurin lambar ya nuna alamar goga ko walda, a tashi a bar cinikin. Motar da ta fito daga Amurka ana iya binciken tarihinta ta intanet da wannan lamba a wurin kamfanoni irin su Carfax, a ga ko ta yi hatsari ko ta sha ruwa.

A tabbatar da takardar kwastan a ofishinsu. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a 2022 kuma kwastan suka fara ƙiyasta kuɗin fito da lambar shasi, don haka a tambayi ta inda mota ta shigo da shekarar da ta shigo. Idan motar gwanjon gwamnati ce, a nemi takardar gwanjon. Idan ta gado ce, a tabbatar duk magada sun yarda. A rubuta yarjejeniya da shaidu, ko da mai sayarwar abokin ajinka ne. Rubutu ba ya ɓata zumunci, rashinsa ne yake ɓatawa.

DARAJAR TARIHI

Akwai wata daraja da ba ta cikin matakai shidan nan. Baƙar Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a ciki ranar 13 ga Fabrairu, 1976, tana gidan tarihi na Onikan a Legas da ramukan harsashi a jikinta, kuma ba wanda zai ce a kai ta wurin mai fenti. A 2011 an yi gwanjon farar 504 ƙirar 1977 ta shugaban Iran na lokacin, Mahmud Ahmadinejad, aka ba da rahoton ta kai kimanin dala miliyan 2.5. Wanda ya hau su ne ya ba su wannan matsayi.

Abin lura a nan shi ne, tarihi ma sai da hujja. Duk dillalin da ya ce maka wannan ta wani tsohon gwamna ce ko ta wani basarake, ka ce ya nuna takarda. A ɗaya ɓangaren kuma, ina roƙon waɗanda ke da motar mahaifi a ajiye a gida, kaji suna ƙwai a ciki, kada su yi gaggawar kiran 'yan gwangwan. A sa ta a inuwa, a ɗaga ta a kan dutse, a adana rasit da littafinta na asali. Masu tara motoci sun fi son tsohon fenti na asali da kujerun asali a kan gyaran da aka yi da ka. Da tsohuwar zuma ake magani.

KAMMALAWA

Ya 'yan uwa, wata rana mu ne masu saye, wata rana mu ne masu sayarwa. Malamanmu na addini sun karantar da mu cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma shari'a ta ba mai saye damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Idan lamba huɗu ce da kai, ka ce lamba huɗu ce, ka faɗi ciwonta. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ba zai dawo maka da ƙara ba, kuɗinka kuma zai yi albarka.

Ina ba shugabannin ƙungiya shawara guda. A cikinmu akwai makanikai, da tsofaffin jami'an kwastan, da 'yan sanda, da lauyoyi. A kafa ɗan ƙaramin kwamiti daga cikinsu, wanda duk memban da zai sayi mota, ko matar wani ɗan uwanmu da ya rasu da za ta sayar da wadda aka bar mata, za su iya tuntuɓa kafin a yi ciniki. Ba ya buƙatar kuɗi, lokaci kawai yake buƙata da riƙon amana.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da Nijeriya baki ɗaya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.